Na sayi wandon ruwa amma kullum safata a jiƙe: masu taka keke ku taimaka

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da zuwana Holan karatu a Jami'ar Wageningen. Ban samu ɗaki a garin ba sai a Ede, don haka kullum keke nake takawa ta Bennekom, kusan kilomita 7 zuwa, 7 dawowa. A Satumba lafiya lau. Tunda Oktoba ta kama ruwa ya sa ni gaba. Na shiga wani shago na sayi riga da wandon ruwa masu araha, irin wanda ake ɗorawa a kan kaya. Cinya ba ta jiƙewa sosai, amma kafin in isa makaranta takalmina ya cika, ina tafiya yana caɓal-caɓal. Haka zan wuni a aji da ɗanyar safa, in na cire don alwala kuma mayar da ita wani aiki ne. Ga shi bayan gwiwa da ƙugu sai in ji danshi, ban sani ba ko yoyo wandon yake. Wani ɗan ajinmu ya ce in sayi mai yadin Gore-Tex, wanda ruwa ba ya ratsawa, na duba kuɗin ya haura Yuro 100. In runtse ido in saya, ko akwai wata dabara? Kuɗin ɗalibi ne, kun san yanayin.

Mai Keken Jos:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa me ya yi zafi? Mu nan da damina takalmi da safa a leda ake ƙullewa a ɗaure a kariya, a sa silifas, a naɗe wando zuwa gwiwa. Ka isa ka wanke ƙafa ka sa takalminka a bushe. Ko sisi ba ka kashe ba.

Ɗan Zazzau:
Malam, da safen nan ma'aunin zafi 6 ya nuna, ga iska. In na sa silifas sai dai a kai yatsun asibiti daban, ni daban.

Baban Walid, Utrecht:
Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Shekarata goma sha ɗaya ina taka keke a ƙasar nan, kuma abin da ke damunka ba ingancin yadi ba ne. Ka lura da kyau gobe: duk ruwan da ya sauka a cinyarka, tunda wandon ba ya sha, gangarowa yake yi kamar a indararo. Ina yake ƙarewa? A bakin takalminka. Wato wandon ne da kansa yake yi maka ɗura. Ka sayi na Yuro 200 ma, in ya tsaya a idon sawu, ɗurar za ta ci gaba.

Abu na biyu, wando a tsaye daban, a kan keke daban. Wanda ya rufe maka takalmi a shago, da ka ɗora ƙafa a feda gwiwa ta lanƙwashe sai ya ja sama da kusan taki guda. Shi ya sa in za ka gwada, ɗaga ƙafa ka ɗora a kan kujera, ka ga inda bakin wandon ya tsaya. In safa ta leƙo, ajiye shi.

Mafita iri biyu ce. Akwai wandon ruwan da aka ɗinka masa marufin takalmi a bakin ƙafa, kana sawa sai ka ja shi ya lulluɓe saman takalmin, da roba a ƙarƙashi. Decathlon na sayar da irinsa, kuma bai kai rabin kuɗin da ka ambata ba. Ko kuma ka bar wandonka ka sayi marufin takalmi shi kaɗai, mai tsawo har ƙwauri. Amma ka kiyaye da wannan: marufin a ciki, wandon a kansa, kamar yadda ake jera kwanon rufi, na sama ya hau na ƙasa. Na sha ganin sababbin zuwa sun cusa bakin wando cikin marufin don ya yi kyau, su isa da tafki a ƙafa.

Ka kuma tabbatar na takalmin yau da kullum ka ɗauka. Akwai na 'yan tseren keke, matsattse, an yi shi ne don siririn takalminsu, ba zai shiga naka ba ko ka yi kokawa da shi.

Maman Hanifa:
Baban Walid ya gama magana, sai dai bai taɓo danshin bayan gwiwa ba. Ƙanina, ina kyautata zaton wannan zufarka ce. Wando mai araha leda ce kawai aka shafa wa yadi, ruwa ba ya shiga, tururin jiki ma ba ya fita. Gwada shi a gida: juya cikinsa, ka zuba ruwa a wajen, ka duba layin ɗinki. In ka ga an manna siririn tef a kan kowane ɗinki ta ciki kuma bai ɓare ba, to da wuya yoyo ne. Ka rage gudu, ka fita da wuri da minti goma, ka kuma daina sa wandon jins mai kauri a ƙarƙashi ranar ruwa.

Ni da doguwar riga nake hawa, don haka wando bai yi mini ba. Babbar rigar ruwan nan mai kama da bargo nake sawa, wadda ake shimfiɗawa har kan hannun keke ta rufe cinya, sai takalmin roba dogo. Iska na shiga ta ƙasa, babu zufa. Aibinta ɗaya, ranar iska sai ta cika kamar tanti, ga shi ƙasar nan babu tudun da zai kare ka. Kai da kake bin fili tsakanin Ede da Bennekom ban ba ka shawararta ba.

Injiniya SK:
Bari in ɗan kare Gore-Tex tunda an yi masa taron dangi. Ba banza yake da tsada ba. A 1969 Bob Gore ya gano cewa in aka fizgi wani nau'in roba mai suna PTFE da zafinsa, yana buɗewa ya yi ƙananan huji masu yawan gaske, waɗanda ɗigon ruwa bai iya ratsawa amma tururi yana fita. Shi ne aka daɗe ana sawa a tsakanin yadin. Don tafiyar awa biyu ko uku ya cancanci kuɗinsa. Don minti 25 zuwa aji, na yarda, ya yi yawa.

Abin da zan ce ka duba a takardar jikin wandon shi ne lambar da ke da mm a gaba, misali 5,000 ko 10,000. Ma'anarta tsawon ruwan da za a tara a bututu a kan yadin kafin ya fara tsattsafowa, 10,000 mita goma ke nan. Za ka ce ina ruwan sama ina mita goma, amma inda kake zaune a sirdi da kan gwiwa danna ruwan kake yi cikin yadin, nan ake fara jiƙewa. Ka nemi 10,000 in ka samu. Sannan kada ka wanke shi da maganin laushin kaya, yana kashe sinadarin da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare.

Baban Walid, Utrecht:
Injiniya, ai ban ce ba shi da kyau ba. Cewa na yi ba shi ne zai busar masa da ƙafa ba.

Na manta abu guda. Ɗan Zazzau, duba murfin tayar gabanka. Kekunan ɗalibai na hannu da yawa murfin ya karye ko gajere ne, kuma tayar gaba tana watso ruwan titi daidai kan feda ko bayan an ɗauke ruwa. In gajere ne, yanko roba daga tsohuwar gorar ruwa ka ɗaure a ƙasansa ta sauko kusa da ƙasa. Ba kyau a ido, amma tana aiki.

Hajiyar Manchester:
Mu ma nan ruwa ba ya ɗaga mana ƙafa. Maigida safar Sealskinz yake sawa, wadda ruwa ba ya ratsawa, takalmi ya jiƙe amma ƙafa a bushe. Sai dai sau ɗaya ya fita da gajeren wando, ruwa ya bi ƙwauri ya shiga ta bakin safar, tunda kuma ba ta fitar da ruwa haka ya dawo da shi gida kamar a guga. Tana kuma daɗewa kafin ta bushe. Ni dai abin da na fi yarda da shi: ajiye takalmi ɗaya da safa biyu a makaranta, in akwai loka. Jiƙaƙƙen kuma a cusa masa tsohuwar jarida, a canza bayan 'yan awanni. Kar a ɗora na fata a kan hita, tsagewa yake.

Mai Keken Jos:
To ai kun dawo kan maganata, takalmi a ajiye a bushe. Na duba ma an ce ruwan shekara na Holan bai kai na Jos ba, duk wannan hayaniya.

Injiniya SK:
Gaskiyarka, nasu wajen milimita 850 ne a shekara, na Jos ya fi 1,000 nesa ba kusa ba. Amma naku ya zo da ƙarfinsa cikin 'yan watanni, ka fake a rumfar mai shayi ya wuce. Nasu an barbaza shi a wata goma sha biyu, yayyafi mai naci da iska mai sanyi. Ɗan Zazzau, sauke Buienradar a wayarka, yana nuna ruwan awa biyu masu zuwa. Sau da yawa jinkirin kwata ɗaya ya ishe ka ka wuce tsakanin hadari biyu.

Ɗan Zazzau:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Yaya Baban Walid, na fita na duba, murfin tayar gaban rabi ne, ban taɓa lura ba. Na yi gwajin Maman Hanifa, ɗinkin bai yoyo, ashe zufa ce. Wandon kuwa da na ɗora ƙafa a kujera safata gaba ɗaya a waje take. Jiya na sayi marufin takalmi mai tsawo, na sa shi ƙarƙashin wandon, yau da safe an yi ruwa tun daga Ede har ƙofar aji, safa a bushe. Na gaya wa ɗan ajin namu, ya yi dariya ya ce su a nan cewa suke mutum ba sukari ba ne da zai narke. Saura hannu yanzu, yatsuna ƙagewa suke a kan birki. Wace safar hannu kuke sawa?