Kardon, dogon itacen ƙaya na kwarurukan tsaunukan Andis: shin ɗan'uwan ƙyarana ne?

Mai Lambu daga Zariya:

Assalamu alaikum. A makon jiya ɗana ya nuna mini hotunan wani kwari da ke arewacin ƙasar Ajantina, inda wasu itatuwa marasa ganye suka tsaya cirko-cirko a gefen dutse, kowanne da rassa biyu ko uku da suka miƙe sama kamar hannuwan mai addu'a. An rubuta cewa sunansu kardon, kuma har ana rufe ɗaki da katakonsu. Abin ya ɗaure mini kai, domin a idona sun yi kama da ƙyarana da tinya da muke shinge da su, waɗanda ban taɓa jin an fafe katako daga jikinsu ba. Ina roƙon masana su warware mini abu uku: shin dangi ɗaya ne da namu, yaya tsiro mai cike da ruwa yake jure sanyin kan tsauni, kuma zai yi a lambuna idan na samu iri?

Malamin Tsirrai:

Wa alaikumus salam, Malam. Kamannin da ka gani gaskiya ne, amma ba dangantaka ba ce. Ƙyarana da tinya da aguwa duk 'yan gida ɗaya ne, gidan da masana suke kira Euphorbia, kuma alamarsu ita ce farin ƙaro mai kama da nono wanda ke fita idan an yanke su, mai ƙona fata da cutar da ido. Kardon kuwa daga dangin kaktus yake, wanda asalinsa nahiyar Amurka ce, kuma ba shi da wannan ƙaro ko kaɗan. Fari ne ya koya wa gidajen biyu dabara ɗaya, kowanne a nahiyarsa: a zubar da ganye, a kumbura jiki da ruwa, a yi garkuwa da ƙaya.

Sunansa na kimiyya Echinopsis atacamensis, ko da yake littattafan da suka daɗe suna kiransa Trichocereus, wasu sababbi kuma Leucostele. Yana fitowa a arewa maso yammacin Ajantina, da kudu maso yammacin Boliviya, da arewacin Chili, galibi a wurare masu tudun mita 2,000 zuwa kusan 4,000, kuma babba daga cikinsu yana iya kai mita 10.

Game da sanyi, sirrin yana cikin lokacin da sanyin yake zuwa. A can damina tana faɗuwa ne daga Disamba zuwa Maris, lokacin da gari ya yi ɗumi, hunturu kuma daga Yuni zuwa Agusta yake, babu ruwan sama, ƙasa a bushe ƙamas. Saboda haka daren da sanyi ya kai ga daskarar da ruwa yana samun saiwar a busasshiyar ƙasa, kuma da gari ya waye rana mai ƙarfi ta kan tudu tana ɗumama jikin nan da nan, kaurin jikin kuma yana riƙe wani ɓangare na zafin har cikin dare. Tsagogin da ke jikinsa daga sama zuwa ƙasa suna aiki kamar zugazugin maƙeri: suna buɗewa idan ya sha ruwa, su tsuke idan ruwan ya ragu, ba tare da fatar ta tsage ba. Sannan ba ya buɗe ƙofofin numfashinsa da rana. Da dare yake shaƙar iskar da yake bukata, ya ajiye ta a jikinsa a matsayin wani tsami, da rana kuma ya sarrafa ta zuwa abinci ƙofofinsa a rufe. Wannan dabara tana tanadin ruwa ƙwarai, amma kuɗinta shi ne jinkirin girma, kuma a ganina wannan jinkiri shi ne abu mafi muhimmanci a sha'anin itacen baki ɗaya.

Matafiyiya daga Kano:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni dai zan ƙara da abin da idona ya gani, domin aiki ya taɓa kai ni birnin Salta, daga nan muka bi hanya zuwa garin Cachi. Hanyar tana ratsa gandun Los Cardones, wanda gwamnatin Ajantina ta keɓe a 1996 musamman saboda wannan itace, kuma akwai wani yanki nata da ake kira Tin Tin, miƙaƙƙe sambal, inda kardon ya cika fili dama da hagu iya ganin ido. Mutum daga nesa sai ya ɗauka taron jama'a ne. Mutanen wurin ma suna da labarin da suke bayarwa, cewa a zamanin yaƙin neman 'yancin Ajantina mayaƙan Janar Güemes, jagoran yaƙin a yankin Salta, sun riƙa sanya wa itatuwan barguna da huluna don sojojin Sifaniya su zaci runduna ce mai yawa. Labarin baka ne, amma wanda ya ga wurin da magariba ba zai yi mamakin yadda aka yi ya samu karɓuwa ba.

Batun katako kuwa gaskiya ne, Malam Mai Lambu. A tsohon cocin Cachi na ɗaga kai na ga rufin ciki duk da shi aka yi, kuma a Purmamarca, cikin kwarin Humahuaca wanda hukumar UNESCO ta sanya a jerin wuraren tarihi na duniya a 2003, haka aka yi amfani da shi a cocin garin. Idan itacen ya mutu, tsokar mai ruwa tana ruɓewa ta zube, sai a ga ƙashin da ke ciki, wato wani dogon bututun itace mai ramuka jere-jere kamar rariya. Shi ake tsagawa a miƙar a yi allo. Ba shi da nauyi ko kusa, kuma a ƙasar da babu manyan itatuwa shi ne azararsu, shi ne ƙyaurensu. Yanzu an fi ganinsa a akwatuna da fitilu na ado da ake sayar wa baƙi, kuma a cikin gandun an hana sara.

Ɗan Kafinta:

Hajiya, wannan magana ta ramuka ta tsaya mini a rai. Katakon da iska ke ratsawa ba zai yi shekaru a wurinmu ba, domin laimar damina da gara za su gama da shi kafin a je ko'ina. Ina jin bushewar ƙasar ce ta sa rufin nasu ya daɗe, ba ƙarfin itacen ba. Na kuma karanta cewa a tsibirin Incahuasi, a tsakiyar filin gishirin Uyuni na Boliviya, santimita ɗaya kacal yake ƙarawa a shekara, wanda ke nufin mai mita 10 ya yi shekara dubu. Malam, haka abin yake?

Malamin Tsirrai:

Hasashenka a kan katako daidai ne. Lissafin santimita ɗaya kuwa shi ne abin da masu yi wa baƙi jagora suke faɗa a Incahuasi, wurin da ke kan tudun mita sama da 3,600, amma ban yarda a ɗauke shi a matsayin ma'auni na ko'ina ba. Girman yana bin ruwan shekara da tudun wuri da shekarun itacen kansa, kuma kaktus ba shi da zoben shekara irin wanda ake ƙirgawa a gungumen itace, don haka duk adadin da aka ba ka kintace ne. Abin da ba a jayayya a kai shi ne manyan sun girmi kakannin duk wanda ke kallonsu.

Lokacin da ya fi wuya shi ne ƙuruciya. Itacen yana fid da farar fure babba, ya yi 'ya'ya masu gashi da ake kira pasakana, waɗanda mutane da tsuntsaye suke ci, kuma kowane ɗa yana ɗauke da ƙwayoyin iri masu ɗimbin yawa. Kaɗan ƙwarai ne suke rayuwa, kuma yawancinsu waɗanda suka faɗa ƙarƙashin wani ƙaramin kurmi ne ko gindin dutse, inda inuwa ke kare su daga rana da raɓar ƙanƙara. Idan awaki da jakuna suka cinye kurmin ko suka tattake wurin, sai a wayi gari da fili cike da tsofaffi babu yara a bayansu.

Sai tambayarka ta ƙarshe, Malam Mai Lambu. Zafin Zariya ba shi ne babbar matsala ba, ruwan Agusta ne, domin saiwarsa ba ta jure zama a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idan ka samu iri daga hannun masu renonsa, ka shuka a tukunya mai huji da yawa, ka cika ta da tsakuwa da yashin rafi da ƙasa kaɗan, ka ajiye ta inda rana ke samu amma rumfa ta tare ruwan sama. Kada ka nemi a ciro maka tsiro daga daji, domin yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare tsirrai da dabbobin daji, ta sa cinikin dangin kaktus tsakanin ƙasashe sai da takardar izini.

Mai Lambu daga Zariya:

Na gode ƙwarai, Malam, Hajiya, da ɗan'uwa kafinta, Allah ya ƙara ilimi. Ina da wata tsohuwar randa da ta tsage a gindi, ita zan tanada, na kuma ajiye ta a bakin zaure inda ruwan indararo ba ya kaiwa.