Sunan .ai ya fi fili a bayan gari?

Ɗan Kasuwar Waya: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan bakana: mai ɗan jari a hannu yau, gara ya sayi sunayen intanet masu wutsiyar .ai (wutsiya ita ce ƙarshen adireshin shafi, kamar .com) ya ajiye da ya kai kuɗin bayan gari ya sayi fili. Ku dubi Anguilla, ɗan tsibiri a yankin Karebiyan, mutanensa ba su kai 20,000 ba. Da aka raba wa ƙasashe haruffa bibbiyu sai .ai ta faɗo musu, shekara da shekaru ba mai waiwayarta. ChatGPT na fitowa a Nuwamba 2022, duk kamfanin ƙirƙirarriyar basira, wadda ake taƙaitawa AI da Turanci, ya ce sai ita. A 2023 kaɗai gwamnatin tsibirin ta samu wajen dala miliyan 32 daga rajistar sunaye, kusan kashi 20 cikin 100 na kuɗin shigarta. Zamanin .com ya wuce, duk sunan kirki an kame shi tun muna yara.

Alhaji: Wa alaikumus salam. Yarona, lissafin daidai ne, amma duba aljihun da kuɗin ya shiga. Anguilla ce mai gida, kai ɗan haya ne. Fili in na biya, na karɓi takarda, na kewaye shi, ko na shekara goma ban leƙa ba yana nan. Suna kuwa, wa'adi na cika ka kasa sabuntawa, ɗan lokaci za a ɗaga maka ƙafa, sai wani ya ɗauke. Ita .ai ma kuɗin shekara biyu ake biya tun a rajistar farko.

Ɗan Kasuwar Waya: Ranka ya daɗe, hayar ba ta taka kara ta karya ba in aka dubi ribar. An sayar da voice.com dala miliyan 30 a 2019. An sayi chat.com miliyan 15.5 a 2023, daga baya ya koma hannun OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT.

Hajiya: Ƙanena, sake karanta misalan naka. Duka biyun .com ne, wadda ka ce ta kwanta dama. Kamfanin da ya tayar da guguwar ma chat.com ya nema.

Mai Zanen Shafuka: Bari in ba ku nawa labarin, don har yau yana yi min ciwo. Farkon 2023 na ga ana karyar da sababbin wutsiyoyi, shekarar farko kusan kyauta. Na tuna yadda Alphabet, uwar kamfanin Google, ta ɗauki abc.xyz a 2015, na ce to ga hanya. Dare ɗaya na zauna na yi rajistar suna 14, wasu .xyz, wasu .online, wasu .store. Na rubuta su a bayan littafin bashin shago, kowanne da farashin da nake fatan sayar da shi. Ban duba kuɗin sabuntawa ba, nan na faɗi. Shekara na zagayowa saƙo ya shigo: farashin ya nunnunka, kuma da dala. Lokacin da na saya dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, bayan an saki naira a Yuni 2023 sai da ta haura 1,500 a 2024. Duk tsawon shekarar ko taya guda ban samu ba. Na riƙe biyu, ina ji ina gani 12 suka tafi.

Abin da ya fi karya min gwiwa shi ne wata mai sayar da turaren wuta da na yi wa shafi da .store. Ta kira ni ranta a ɓace, wai masu saye na cewa shafin ba ya buɗewa. Da na tsaya kusa da ɗaya daga cikinsu ina kallon wayarsa, sai na ga yana gama rubuta sunan yatsansa ya ƙara .com da kansa, ya faɗa wani shafi dabam. Hannun mutane ya riga ya saba.

Ɗan Damagaram: Allah ya mayar da alheri, Yaya. Mu nan sefa tana ɗaure da yuro, don haka wannan tsallen farashi bai same mu kamar ku ba. Ni abin da nake tsoro dabam ne. Duk wutsiya mai harafi biyu ta wata ƙasa ce ko wani yanki: .ne ta Nijar, .ng ta Najeriya, .td ta Chadi. Siyasa na taɓa ta. Ga .io da masu manhaja ke rububi, ta yankin Birtaniya ce na tekun Indiya. Da Birtaniya ta sanar a Oktoba 2024 cewa za ta miƙa tsibiran Chagos, wato wannan yankin, ga ƙasar Moris, hankalin masu sunayen ya tashi, domin in aka cire yanki daga jerin lambobin ƙasashe, ƙa'ida ita ce a ba da shekara 5 a rufe wutsiyarsa. An taɓa yi: .yu ta Yugoslabiya an share ta a 2010.

Alhaji: Ga kuma wata. Allah bai ƙara wa Kano faɗi ba, shi ya sa fili ke tashi. Su kuwa wutsiyoyi ƙera su ake yi. A 2012 hukumar ICANN mai kula da sunayen intanet ta karɓi takardun nema 1,930, kowace dala 185,000, aka fito da sababbi sama da 1,200. An kuma tsayar da Afrilu 2026 don buɗe wani zagayen, kuɗin nema dala 227,000. Kayan da ake ta ƙaro wa kasuwa, ta yaya na hannunka ba zai yi kwantai ba?

Ɗan Kasuwar Waya: A nan kam ban yarda ba, Alhaji. Ko an ƙera dubu goma, ba za a sake yin wata .ai ba, haruffa biyu na ƙasashe ne kaɗai. Kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce wutsiya ita kanta tana faɗin sana'ar mai ita. Yaya ya sayi masu arha ne da yawa. Ni magana nake ta suna ɗaya ko biyu, gajere, kalma guda.

Mai Zanen Shafuka: Wannan gaskiya ne, .ai ba sa'ar .online ba ce. Sai dai gajerun kalmomin Turanci masu kyau tuni suna hannun manyan dillalai, a gwanjo suke fitowa, da farashin da ya fi ƙarfinmu. Wanda ya rage a farashin rajista, tambayi kanka me ya sa dubban idanu suka wuce shi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Malam: Ina so in ja hankali kan abu ɗaya. Sayen kalmar gama-gari a jira mai so ciniki ne. Amma kame sunan kamfanin wani don a tilasta masa ya fansa zalunci ne, kuma tun 1999 akwai tsarin UDRP na warware rikicin sunayen intanet, inda mai tambari zai kai ƙara, galibi gaban WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janeba, a karɓe sunan ba tare da an biya ka sisi ba. Na ji yara na ba juna shawarar haka, don Allah a bari.

Hajiya: Ni nawa na shago .com.ng ne, ƙarƙashin NiRA, hukumar da ke kula da .ng, da naira nake sabuntawa, kuma yana kawo min masu sayen atamfa har daga Agadas. Sunan da yake aiki kullum shi ne na san amfaninsa. Kai ƙanena, wanda za ka saya, wa kake hangen zai saya daga gare ka?

Ɗan Kasuwar Waya: Akwai kalmar Hausa guda da nake so, ta dace da manhajar fassara. In babu mai taya, ni da abokina za mu gina aikinmu a kai. Amma kuɗin filin ba zan taɓa ba, daga ribar shago zan cire.

Mai Zanen Shafuka: To kada ka rubuta ta a nan, wani zai riga ka. Turo min ta waya yau da daddare, in duba maka ko akwai kamfanin da ya yi rajistarta a matsayin tambari, mu kuma ga nawa ne kuɗin sabuntawa in shekara biyun ta cika.