Ya nutse ko bai nutse ba?

Baban Khalifa: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake wallahi. Khalifa ya dawo da takardar gwaji, an tambaye su jirgin ruwan da ya fi kowane girma a tarihi, yaro ya rubuta Seawise Giant kamar yadda na koya masa, malamin ya ja masa jan biro ya rubuta Titanic a gefe. Titanic fa! Jirgin da tsawonsa mita 269 ne kacal. Seawise Giant mita 458, ya fi filin ƙwallo huɗu a jere. A Japan aka ƙera shi a 1979, kayan da yake ɗauka kaɗai sun kai tan 564,763. Jirgin da Saddam ya nutsar a 1988 aka tsamo shi ya ci gaba da dakon mai. Kuɗin makaranta muke biya ko kuɗin kallon fim? Gobe da kaina zan je.

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Alhaji a yi haƙuri, amma kuskuren malami ɗaya kada a shafa wa duk malamai. Kun san nawa ake biyan mu?

Injiniya: Yaya, Titanic kam ba ya cikin lissafi, ko a jiragen fasinja. Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 mita 365 ne, cikinsa ya ninka na Titanic sau biyar. Sai dai gyara kaɗan: Saddam bai nutsar da jirgin nan ba. Jiragen yaƙin Iraƙi sun yi masa ruwan wuta ranar 14 ga Mayu 1988 yana tsaye kusa da tsibirin Larak na Iran, ya ƙone ƙurmus, ya zauna a ruwa marar zurfi. Zama daban, nutsewa daban.

Baban Khalifa: To da ya zauna, a kan kujera ya zauna? Gindinsa ya taɓa ƙasan teku ko bai taɓa ba?

Injiniya: Ya taɓa. Amma jirgin da idan ya yi lodi mita 24 da ɗoriya na jikinsa ke shigewa cikin ruwa, taɓa ƙasa a wurinsa ba labari ba ne. Shi ya sa ma da kaya ba ya bin mashigin Suwez, ba ya bin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa. Nutsewa ita ce ta Titanic, wanda yake can ƙasa kusan kilomita 4 tun 1912.

Bazazzagi: Kai jama'a. Bakano na koya wa mutane nutsewa. Mutumin da babban ruwan da ya taɓa gani shi ne Tiga.

Baban Khalifa: Ka ji bawa. Ku da kududdufi kuke kira dam?

Bazazzagi: Ubangidanka dai. Injiniya ya yi gaskiya. Idan akuya ta faɗa kwata kanta na waje, ba a cewa ta nutse, cewa ake ta faɗa.

Malam Mai Hausa: Ku dakata, wannan fagena ne. A Hausa nutsewa ita ce abu ya shige cikin ruwa ya ɓace wa ido. Shi ya sa ake ce wa mai hankali yana da nutsuwa, wato ya kwanta ƙasa kamar garin kunu. Idan saman jirgin na waje to kafewa ya yi, kamar mota a taɓo.

Maman Hanan: Malam, garin kunun da ya kwanta ai ana ganinsa. Ka kashe hujjarka da bakinka.

Malam Mai Hausa: Hajiya, misali na kawo.

Ɗan Apapa: Ni dai shekarata 14 ina fito da kaya a Ikko, kuma duk cikinku ba wanda ya taɓa taka jirgin ruwa sai ni. A wurin masu inshora, jirgin da aka rubuta shi a asara gaba ɗaya ya mutu. Wannan an rubuta shi. Bayan yaƙi wasu 'yan Norway suka saye shi, aka ja shi zuwa Singafo aka gyara, ya fito a 1991 da sunan Happy Giant, daga baya ya koma Jahre Viking. To ku kira shi nutsewa ko zama, gawa ce aka tayar.

Ustaz: Subhanallah. Ɗan'uwa gyara lafazinka, Allah kaɗai ke tayar da gawa.

Ɗan Apapa: Astagfirullah, Malam, salon magana ne.

Ustaz: Na sani. Kuma tun ɗazu nake kallon ku kuna "a tarihi, a tarihi", ba wanda ya tuna jirgin Annabi Nuhu alaihis salam.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, Alƙur'ani ya faɗi cewa jirgin ya tsaya a kan Judiyyu, a Suratu Hudu, amma bai kawo awon tsawonsa ba. Mu kuma a kan mita da tan muke magana.

Ustaz: Shi ya sa na ce a riƙa cewa "a jiragen zamani". Iyakar maganata ke nan.

Ɗan Maraɗi: Ni tambayata daban. Me ya kai Saddam harbin jirgin wani? Jirgin na kamfanin attajirin Hong Kong ne, marigayi C.Y. Tung, daga sunansa ma aka samo Seawise ɗin. Zalunci ne kawai.

Bazazzagi: Man wa ke cikinsa? Man Iran. Yaƙi ake yi tun 1980, kowa na harbin tankokin da ke yi wa abokin gabarsa dako. Ita Iran ɗin ba ta harbi na masu zuwa Kuwaiti ba?

Ɗan Maraɗi: Wa ya fara shiga ƙasar wani?

Bazazzagi: Mun san inda ka dosa. Duk maganar da aka ɗauko sai ka kai ta Tehran.

Ɗan Maraɗi: Kai kuma hoton Saddam na nan manne a shagonka tun muna yara.

Shugaban Zaure: Jama'a dokar zaure: ba siyasar Gabas ta Tsakiya. A koma kan jirgi.

Injiniya: To tunda an ce a koma, Yaya kada ka je makarantar nan da ƙarfinka duka, don amsar Khalifa ma tana da ƙofa. "Girma" kala uku ne a harkar jirgi. Akwai tsawo. Akwai nauyi, wato yawan ruwan da jirgi ke turewa idan ya yi lodi, na Seawise Giant tan 657,019. Sannan akwai awon faɗin ciki, wanda da shi ake yanka wa jirgi kuɗin tasha, shi kuma ba ruwansa da nauyi. Buhun auduga da buhun siminti ke nan: ɗaya ya fi cika ɗaki, ɗaya ya fi karya baya. A awon ciki, tankokin Faransa irin su Batillus da aka ƙera a Saint-Nazaire daga 1976 sun ɗara shi, ga shi tsawonsu mita 414 ne. Yanzu kuwa Pioneering Spirit ne a gaba, awon cikinsa 403,342, faɗinsa mita 124, kamar an haɗa jirage biyu gefe da gefe. Aikinsa ciccibar dandamalin haƙar mai. A 2017 ya ɗauke saman Brent Delta, tan 24,000, a ɗauka ɗaya. Idan ya sha ruwa ya cika cikinsa yana haura tan 900,000.

Baban Khalifa: Ruwan da ya sha ai ba kaya ba ne. Ni ma in na sha randa guda zan fi ka nauyi.

Injiniya: Ko a tsawon ma akwai Prelude na kamfanin Shell, mita 488. Ya ba naka mita 30.

Ɗan Apapa: A'a Injiniya, nan kam ka zame. Prelude ba jirgi ba ne. Ba ya tuƙa kansa. Jan sa aka yi daga Koriya ta Kudu zuwa gaɓar Ostireliya a 2017 aka ɗaure shi, yana can yana sarrafa iskar gas. Masana'anta ce a kan ruwa. Irin su na gani da idona, Egina, lokacin da aka shigo da shi Ikko a Janairun 2018, mita 330, ƙananan jirage na jan sa gaba da baya kamar sa za a kai mahauta.

Malam Mai Hausa: To ai a Hausa jirgi shi ne abin da ke ɗaukar kaya ko mutane a kan ruwa. Jirgin fito yana da inji? Da gora ake tura shi. Tun kafin Bature ya zo da na ƙasa da na sama muna da kalmar. Har abin da ake zuba wa dabbobi ruwa a bakin rijiya jirgi ake ce masa.

Bazazzagi: Shi ke nan, kwamin shanun Baban Khalifa ma ya shiga gasar.

Ɗan Apapa: Jirgin fito yana tafiya, Malam. Wannan ba ya zuwa ko'ina.

Injiniya: Madalla, na kama ka. Shi Seawise Giant ɗin a 2004 an mayar da shi rumbun ajiyar mai, aka sa masa Knock Nevis, aka ɗaure shi a rijiyoyin Al Shaheen na Ƙatar. Shekara biyar bai motsa ba. A lokacin ya daina zama jirgi ke nan?

Ɗan Apapa: Tsohon direba ko ya ajiye tuƙi direba ne. Wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba fa?

Maman Hanan: Kun gani ko? Manya da digiri kun kasa daidaitawa tun azahar, amma malamin da ke da yara 70 a aji shi ne za a je a ci wa mutunci.

Baban Khalifa: Hajiya ba wanda ya ce zai ci mutuncin kowa. Amma Titanic? Ko Ever Given da ya toshe Suwez kwana shida a Maris 2021 ya rubuta, da na yi shiru, shi aƙalla mita 400 ne.

Maman Hanan: "Kuɗin kallon fim" da ka rubuta yabo ne?

Baban Khalifa: Zafin rai ne.

Maman Hanan: To a janye.

Ɗan Maraɗi: Ni fa na yi lissafi. An ce yana ɗaukar ganga sama da miliyan 4. Ganga lita 159. In ka raba da tankar mota mai lita 33,000, ya haura tanka 19,000. Ku yi tunanin layin.

Bazazzagi: Ku da ba ku da ko taku ɗaya na teku, me ya haɗa ku da lissafin jirgi? Kayanku sai Kwatano da Lome.

Ɗan Maraɗi: Zariya ce ke bakin teku? Kuma tun 2024 man Agadem ke bin bututu har Seme a Benin ana loda wa jirage. Ku matatar Kaduna fa, ya jikin nata?

Bazazzagi: Kada ka taɓo nan.

Shugaban Zaure: Na ce ba siyasa.

Ɗan Apapa: Abin da ke ba ni tausayi ƙarshensa. An sake masa suna Mont, aka kai shi Alang a Indiya ƙarshen 2009, aka tura shi kan yashi, masu yankan ƙarfe suka bi shi da wuta har ya ƙare a 2010. Angarsa kawai aka bari, tan 36, aka kai Hong Kong. Jirgin da sai ya yi kusan kilomita 9 kafin ya iya tsayawa, ya ƙare a hannun 'yan gwangwan.

Malam Mai Hausa: Ka ce "aka tura shi kan yashi". To wannan shi ne kafewa. Na 1988 kuma

Malam Mai Hausa: Afuwan, caji ya yanke. Ina cewa na 1988 ma kafewa ce.

Baban Khalifa: Ɗazu ka ce nutsewa sai abu ya ɓace wa ido. Ka ga hoton ne da za ka ce bai ɓace ba?

Malam Mai Hausa: Kai ka gani?

Baban Khalifa: Ni na fara tambaya.

Ustaz: An kira la'asar a nan. A tashi haka.

Shugaban Zaure: To bari in taƙaita kafin a watse. Zaure ya tabbatar Seawise Giant ne jirgi mafi girma da aka taɓa ƙerawa, kamar yadda ɗan'uwana Baban Khalifa ya faɗa tun farko, kuma ba wanda ya kawo hujjar da ta ture wannan. Prelude ba jirgi ba ne, mutumin da ya san teku ya faɗa mana. Maganar awon ciki da Injiniya ya kawo boko ne ya yi masa yawa, mu a kasuwa abin da ya fi tsawo ya fi ɗaukar kaya shi ne babba. Batun nutsewa, mafi rinjaye sun ce ya nutse. Mutanen Zariya kamar kullum ba su zo da komai ba sai surutu. Hajiya Maman Hanan muna ba ta haƙuri a madadin zaure, duk da ba a yi mata laifi ba. An rufe.

Injiniya: Ranka ya daɗe, wane mafi rinjaye? Ni da Bazazzagi da Malam Mai Hausa mun ce bai nutse ba. Mutum ɗaya ne ya ce ya nutse.

Shugaban Zaure: Da ni biyu. Ɗan Apapa ya ce gawa, uku. Ustaz bai musa ba.

Bazazzagi: Shugaba, a faɗa wa zaure ƙanwar wa kake aure.

Shugaban Zaure: An rufe na ce.

Maman Hanan: Har yanzu ba a janye "kallon fim" ba.