Shin ƙaura zuwa Ingila ko Saudiyya za ta ba likita lokacin iyalinsa?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni likita ne a ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa na arewacin Nijeriya, ina tsakiyar horon ƙwarewa a fannin lafiyar ƙananan yara. Matata malamar sakandare ce, kuma Allah ya ba mu 'ya'ya biyu, babban yana da shekara 4, ƙaramar ba ta cika shekara 2 ba. Tun da abokan aiki suka fara ficewa ƙasashen waje, aikin kwanan da a da ake rabawa tsakanin mutane da yawa ya dawo kan 'yan kaɗan da muka rage. Wanda ya kwana a asibiti ba ya samun hutu washegari, sai dai ya zarce da zagayen marasa lafiya, da yamma kuma ya nufi asibitin kuɗi domin albashi ba ya kai wata. Yawancin ranaku yarana suna barci nake fita, suna barci nake dawowa.

Hanyoyi biyu ne a gabana. Na ci kashi na farko na PLAB, jarrabawar da likitocin ƙasashen waje suke yi kafin a ba su izinin aiki a Ingila, sannan wani wakilin ɗaukar ma'aikata ya yi mini tayin aiki a Saudiyya. Tambayata ba ta albashi ba ce, wannan na riga na bincika. Ina so waɗanda suka tafi da mata da ƙananan yara su gaya mini gaskiya: kun sami lokacin iyalin da kuka je nema? Kuma yaya rayuwar matar ta kasance?

Maman Iman:
Wa alaikumus salam, Dakta. Maigidana likita ne a hukumar lafiya ta NHS, muna zaune a arewacin Ingila da yara uku, saboda haka zan ba ka amsa daga ɓangaren wadda take gida.

Maganar da ake yi cewa a Ingila akwai ƙa'idar sa'o'in aiki gaskiya ce, ba talla ba ce. Yarjejeniyar likitoci masu neman ƙwarewa ta hana matsakaicin aiki ya wuce sa'o'i 48 a mako, ta kuma hana mutum ya yi fiye da sa'o'i 72 a cikin kwana bakwai a jere. Hutun shekara yana farawa daga kwana 27, ban da ranakun hutun ƙasa guda 8, ana fitar da jadawali makonni kafin lokacinsa, kuma wanda ya gama jerin aikin dare yana da kwanakin hutawa da doka ta ba shi. Maigidana yana zuwa taron iyayen yara a makaranta, yana kai su wasa ranar Asabar, abin da bai taɓa samun damar yi ba a gida.

Sai dai inda mutane ba sa yin lissafi shi ne inda waɗannan sa'o'in da aka samu suke tafiya. A Kano ko Zariya, rainon yaro ba aikin mutum biyu ba ne. Akwai kaka, akwai ƙanwar miji, akwai yarinya mai taya aiki, akwai maƙwabciyar da za ka tura mata yaro ta katanga ka tafi kasuwa, akwai almajirin da zai yi maka aike. A nan duk waɗannan mutanen kai ne da matarka. Makarantar firamare tana tashi jim kaɗan bayan ƙarfe uku, kuma ba za su saki ƙaramin yaro ba sai babba ya zo ƙofa. Gidan rainon yara na cikakken yini ga yarinya kamar taku yana iya wuce fam 1,000 a wata. Bizar da za ku zo da ita tana ɗauke da sharaɗin cewa ba ku da haƙƙin tallafin gwamnati, wato babu kuɗin tallafin yara, babu kuma sa'o'i 30 na raino kyauta da iyaye ma'aikata suke samu. Abin da kowa yake samu shi ne sa'o'i 15 a mako ga yaro mai shekara 3 ko 4. Babbanku zai shiga makaranta kyauta, wannan babu matsala, amma ƙaramar ita ce za ta yanke hukuncin ko matarka za ta iya fita aiki.

Abin da iyalai da yawa suke yi shi ne su saɓa jadawalinsu. Na san gidaje a unguwarmu da miji yake shigowa daga aikin dare da ƙarfe takwas da rabi na safe, matar tana tsaye a bakin ƙofa da rigar sanyi a jikinta da jaka a kafaɗa, ta miƙa masa yarinya da makulli, ta ce abinci yana cikin firij, ta fita da gudu domin kada bas ta wuce. Yaran suna ganin iyayensu, wannan haka ne, amma iyayen ba sa ganin juna.

Ga kuma hunturu. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Manchesta, Azahar da La'asar da Magariba duk suna shigewa cikin kimanin sa'o'i huɗu, kuma macen da ta saba da gidan biki da gidan suna da sallamar baƙi za ta iya wuni ba ta yi magana da wani babba ba. Idan haihuwa ta zo, mahaifiyarta ba za ta iya zama fiye da wata shida a kan bizar ziyara ba, idan ma an ba ta bizar. Ni dai zan ce lokacin yana samuwa, amma matar ce take biyan mafi yawan kuɗinsa a shekarun farko.

Abu Hafsa:
Ɗan'uwa, ni ina aiki a kudancin Saudiyya tare da iyalina. Dokar ƙwadago a nan ita ma sa'o'i 48 ce a mako, a watan Ramadan kuma ana rage wa Musulmi zuwa sa'o'i 6 a yini. Hutun shekara mafi ƙaranci kwana 21 ne, ya koma 30 bayan shekara biyar, hutun mako Juma'a da Asabar, kuma ba a cire harajin albashi. Yaranka za su taso suna jin kiran salla, Umra ba ta gagarar ku, jirgi daga Jidda zuwa Kano kimanin sa'o'i biyar ne, sannan samun mai taya aikin gida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan Turai.

Amma ka ce kana tsakiyar horo, kuma wannan shi ne ya fi damuna. Hukumar da take tantance ma'aikatan lafiya a Saudiyya tana sanya mutum a mataki ne gwargwadon takardun da ke hannunsa. Wanda ya zo bai kammala jarrabawar ƙarshe ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta Nijeriya ko ta Afirka ta Yamma ba, ƙaramin mataki za a ba shi, kuma ƙaramin mataki shi ne mai ɗaukar mafi yawan aikin dare, ga shi ci gaba da horon a nan yana da wuya ga baƙo. Wato za ka iya gudun aikin kwana a gida ka zo ka tarar da shi yana jiranka.

Ka tambayi wakilin nan sunan garin da za a tura ka, a rubuce. Mutane suna zuwa da tunanin Makka ko Madina ko Jidda, inda Hausawa suka daɗe da zama, sai su tsinci kansu a ƙaramin gari a yankin Jizan ko Najran, inda babu makarantar da ake koyarwa da Turanci sai an yi doguwar tafiya. Makarantun gwamnati da Larabci suke koyarwa, masu Turancin kuma suna da tsada. Ka kuma duba wa zai biya harajin iyali, wanda ya kai riyal 400 a wata a kan kowane mutum tun 2020; mata da yara biyu riyal 14,400 ke nan a shekara idan ya faɗa kanka. Matarka ba za ta yi aiki da iƙamar rakiya ba sai da izini na musamman. Iƙamarku duka tana rataye da kwantiraginka, ranar da ya ƙare ba a sabunta ba, ranar za ku fara ɗaure kaya, ko da a nan aka haifi yaran.

Tsohon Ma'aikaci:
Ƙanena, na daɗe a wannan aiki, kuma na sa hannu a takardun ɗalibaina da yawa da suka tafi, don haka ba hana ka zan yi ba. Abubuwa biyu zan ƙara.

Cin PLAB da yin rajista da GMC, hukumar da take ba likitoci lasisin aiki a Birtaniya, ba su ne samun aiki ba. Nijeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, saboda haka asibitocin Ingila ba za su zo su ɗauke ka ba, kai ne za ka bi su da takardun neman aiki, kuma layin ya yi tsawo ƙwarai a 'yan shekarun nan. A shirin lafiya na shekara goma da gwamnatin Birtaniya ta fitar a Yulin 2025, ta ce za ta fifita waɗanda suka yi karatu a can wajen guraben horo. Wanda ya sami gurbin kuma, ana juya shi daga wannan asibiti zuwa wancan a cikin yanki guda, wani lokaci da tafiyar fiye da sa'a ɗaya a tsakani. Dokokin shige da fice su ma ba sa zama wuri ɗaya: a Maris na 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalansu, a Mayun 2025 kuma aka kawo shawarar tsawaita jiran izinin zama na dindindin daga shekara 5 zuwa 10 ga mafi yawan ma'aikata baƙi.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi cinye lokacin yaranmu da ke waje, kuma ba dokar kowace ƙasa ba ce. Ranar da ka sauka, dangi za su fara lissafa albashinka da naira. Kuɗin makarantar ƙanne, maganin gwaggo, auren 'yar yaya, ginin da ka fara a gida, ga bashin da ka ci na tafiya. Sai ka ga mutum yana sayar da ranakun hutunsa yana karɓar aikin cike gurbi a wani asibiti, ya koma daidai irin rayuwar da ya gudo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zauna da 'yan'uwanka tun yanzu ku yanke abin da za ka riƙa aikowa a wata, ku kuma yanke wanda zai riƙe iyaye. Sannan ban ji ra'ayin maiɗakinka a cikin tambayarka ba.

Baban Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranka ya daɗe, tare muka karanta amsoshin nan da ita. Ilimin sinadarai take koyarwa, kuma ta ce ba za ta yarda da ƙasar da za ta zauna a ɗaki ba ta aiki ba, abin da ya sa hankalinta ya fi karkata ga Ingila. Mahaifiyata tana hannun yayana, mun kuma fara maganar. Maman Iman, idan aikin ya samu, mu taho gaba ɗaya ne, ko in fara yin gaba?

Maman Iman:
Fannin da take koyarwa ya taimake ku, domin a Fabrairun 2023 aka ba malaman lissafi da kimiyya da harsuna da suka yi horo a Nijeriya damar neman QTS, wato shaidar cancantar koyarwa a makarantun Ingila, kuma za ta iya fara haɗa takardun tun tana gida.

Shawarata ka yi gaba da 'yan watanni, amma ku sa ranar tahowarsu kafin ka tashi, kada abin ya zama sai baba-ta-gani. Masaukin asibiti galibi ɗaki ɗaya ne, masu gidajen haya kuma suna son ganin takardar albashi kafin su ba baƙo gida, ga kuɗin ajiya da yake kaiwa hayar mako biyar. Gurbin makarantar yaro yana bin adireshin gida ne, saboda haka ka duba makarantu da masallaci da hanyar bas kafin ka sa hannu a haya. Idan asibitin bai tsaya muku ba, za a nemi ku nuna fam 1,270 naka, 285 na mata, 315 na yaron farko da 200 na ta biyu, kuma kowa sai ya je tantancewar tarin fuka a Nijeriya. A watannin da za ta yi tana jira, ta koyi tuƙi ta karɓi lasisinta, domin za ta iya amfani da shi wata 12 bayan isowa, kuma samun ranar gwajin tuƙi a nan yana ɗaukar watanni.