Tsiro ba shi da jini, to ta ina homon ɗinsa ke bi?

Ɗalibar aji shida: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka mini, jarrabawar WAEC ta ƙarato. Homon, wato sinadarin da ke kai saƙo a jiki, na mutum na gane shi: akwai gaɓar da ke haɗa shi, jini ya ɗauke shi ya kai inda zai yi aiki. Sai malam ya ce tsirrai ma suna da nasu, nan kaina ya ɗaure. Tsiro ba jini, ba zuciya, to wa ke haɗawa, wa ke kaiwa? Sannan mamata ta hana mu cin ayabar da aka nunar da magani, wai zai taɓa mana homon. Haka ne?

Malamin bayoloji: Wa alaikumus salam, 'yata. Inda kanki ya ɗaure, nan amsar take. A jikin dabba kowane homon da gidansa: insulin daga fankiriyas yake fitowa ya daidaita sukari, tairoksin daga gaban wuya, adirenalin daga saman ƙoda. Duka jini ke kai su.

Tsiro ba shi da gaɓar da aka keɓe wa wannan aiki. Oksin, ɗaya daga cikin homon ɗin tsiro, a ƙarshen kan tsiron da ke girma da sababbin ganye ake haɗa shi, ya riƙa gangarowa daga ƙwayar halitta zuwa ta kusa da ita. Wasu homon ɗin ta jijiyoyin ruwa da na abinci suke bi. Etilin kuwa, homon ɗin da ke nunar da 'ya'yan itace, iska ce, fita take ta kama 'ya'yan itacen da ke kusa. Shi ya sa aikin homon ɗin tsiro ke ɗaukar sa'o'i ko kwanaki, alhali adirenalin kafin ki gama jin tsoro zuciyarki ta fara bugawa.

Abin da ɗalibaina suka fi mantawa shi ne homon ɗin tsiro ɗaya yana ayyuka barkatai, gwargwadon yawansa da inda ya sauka. Adadin oksin da ke tsawaita kara, shi ne zai hana saiwa tsawo. Shi ne kuma ke taruwa a gefen inuwa, gefen ya fi tsawo, tsiron ya karkata wajen haske. Masanin kimiyya Darwin da ɗansa sun rubuta a 1880 cewa in aka rufe kan tsiron ciyawa, ba ya karkata.

Manomin rani daga Kura: Malam, Allah ya ƙara basira. Ashe abin da muke yi kullum ne. In muka datse kan zogale sai ya yi rassa ta ko'ina, in an bar shi ya miƙe sambal kamar gora.

Malamin bayoloji: Shi ne, Alhaji. Oksin ɗin da ke saukowa daga kai ne ke danne idanun rassan gefe, kana datsewa sai su samu sarari. Maganin ciyawar nan 2,4-D da kuke fesa wa shinkafa ma oksin ne na haɗi. Yana sa ciyawa mai faɗin ganye ta yi girman hauka har ta mutu.

Ma'aikaciyar jinya: Ƙanwata, maganar Mama kada ki watsar da ita, sai dai dalilin ba homon ba ne. Etilin da ayaba ke fitarwa da kanta ba ya aiki a matsayin homon a jikinmu, don ba mu da makamar da ke karɓar saƙonsa. Matsalar ita ce kabait ɗin masu walda da wasu ke nunar da kaya da shi. In ya ji danshi yana fitar da asitilin, mai kwaikwayon etilin, kuma yakan zo da gurɓatattun sinadarai irin su asenik. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa. Ni a gida ɗanya nake saya, in sa nunanniya ɗaya a cikinsu, in rufe a kwali.

Ɗalibar aji shida: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, saura ɗaya: wanne ne ke rufe ƙofofin ganye lokacin fari?

Malamin bayoloji: Asid absisik ne. In ƙasa ta bushe sai ya yawaita, ƙofofin su tsuke, ruwan da ya rage kada ya tsere.