Musayar Waƙa: Shinkafar Japan da Tsofaffin da Ke Noma Ta

Mai Awo na Dawanau

Assalamu alaikum ma'abota waƙa. Tun watan Mayu nake juya wani labari a raina. Ministan noma na Japan, Taku Eto, ya ajiye muƙaminsa ranar 21 ga Mayun 2025 saboda magana ɗaya. Jama'a na kukan tsada, jakar shinkafa mai kilo 5 ta haura yen 4,000 a kuɗin Japan, ninki biyu na farashin 2024, shi kuma ya tsaya gaban taro ya ce bai taɓa sayen shinkafa ba, magoya baya ke kawo masa. Na buɗe fage, kowa ya kawo baitinsa.

Da sunan Allah mai saukar da damina,
Mai ci da bayinsa, ba ya gajiyawa.

Labari ya zo mana daga can gabas,
Ƙasar da rana take fara fitowa.

Shinkafa ta yi tsada a birnin Tokyo,
Uwar gida ta ɗaga jaka, tana mayarwa.

Minista ya hau dandali ya buɗe baki,
Ya ce shi ba ya saye, kyauta ake kawowa.

Wai rumbunsa ya cika har ya tumbatsa,
In ya ga dama ma sai ya fita sayarwa.

Kwana uku tsakani ya miƙa takarda,
Ya sunkuya yana neman afuwar kowa.

Ni mai awo ne, tiya tana hannuna,
Na san idon mai saye in kuɗi sun gaza kaiwa.

Na ga dattijo ya kwance bakin aljihu,
Ya ƙirga canji, ya koma yana ƙirgawa.

Shugaban da bai taɓa tsayawa gaban tiya ba,
Ina zai san abin da tukunya ke rasawa?

Na yaba wa jama'ar da suka ce ya sauka,
Na yaba masa shi ma, bai tsaya musantawa.

Inna ta Damagaram

Wa alaikumus salam, ɗana. Baitinka ya yi daɗi, amma ni a bakin murhu na tsufa, ga nawa.

Ɗana Mai Awo, na ji waƙarka,
Ka faɗi rabi, saura rabin gaskiya.

Minista ya sauka, to madalla,
Saukar tasa ta zuba ƙwaya a tukunya?

Na raini 'ya'ya bakwai a gidan nan,
Na san daren da tuwo ya gaza, sai miya.

Uwa a Osaka da uwa a unguwarmu,
Ciwonsu ɗaya ne in yaro ya kira: Iya!

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne,
Ƙasa mai jirgin ƙasa kamar walƙiya,

Mai Toyota da ta cika titunan Yamai,
Yaya aka yi hatsi ya yi mata wuya?

Wanda ya sani ya warware mini,
Kada ya yi shiru don yana jin kunya.

Ɗalibi a Niigata

Inna, ina gaisuwa, a gaishe da mutanen gida. Shekarata ta uku ke nan ina karatu a lardin Niigata, wanda ya fi kowane lardi noman shinkafa a ƙasar nan. Abin ba dalili ɗaya ba ne. Har baƙi masu yawon buɗe ido an sa a lissafi, domin a 2024 sun haura miliyan 36, kuma kowa sai ya ci. Amma ga yadda na gan shi.

Inna, na rusuna daga nesa,
Ga abin da na gani da idona.

Daminar 2023 zafi ya wuce kima,
Ƙwaya ta yi fari ta karye tun a gona.

Agustan 2024 ƙasa ta girgiza a kudu,
Hukuma ta ce babbar na iya zuwa wata rana.

Jama'a suka ruga kanti suna tarawa,
Na shiga, katakon jera kaya kawai a gabana.

An manna takarda: gida ɗaya, jaka ɗaya,
Wata tsohuwa ta karanta, ta juya ba magana.

Amma tushen ciwon ya girme ni, Inna,
Tun 1971 aka ɗaure hannun mai gona.

Ana biyan sa ya rage fili, ya shuka wani abu,
Har 2018 tsarin nan yana nan da suna.

Sun ji tsoron yalwa ta karya farashi,
Sai ƙaranci ya yi sallama ya zo ya zauna.

A 2025 sabon minista Koizumi ya buɗe rumbun gwamnati,
Har girbin 2021 aka fito da shi bana.

Jaka a yen 2,000, layi tun da asuba,
Na bi layin nan, ruwa na zuba a kaina.

Gohan suke ce wa dafaffiyar shinkafa,
Gohan suke ce wa abincin dare da na rana.

Yadda tuwo yake a bakin Bahaushe,
Haka take a wurinsu, ciwon har da na ƙauna.

A kakar 2025 sabon girbi ya shigo kasuwa, Inna, amma farashin bai sauko ba.

Baba Manomi na Argungu

Jikana ne ke rubuta mini a waya, ni ina faɗa.

Ɗana ɗalibi, Allah ya yi maka albarka,
Ka yi bayani, ka kuma ba manya girma.

Amma kowa na kukan mai ci da mai saye,
Ba wanda ya waiwayi mai noma.

Shekara 50 ƙafata na cikin laka,
Tun ina bin mahaifina zuwa fadama.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023,
Injin ban ruwa ke cinye riba, muna ta fama.

Buhun taki sai an kai tunkiya kasuwa,
Ga jan-baki na jira su sauko daga sama.

In shinkafa ta yi tsada, mu ake zagi,
In ta faɗi, mai bashi ya zo ya kama.

'Ya'yana maza uku, biyu suna birni,
Sun ce laka ba ta ba saurayi dama.

Ban ga laifinsu ba, na ga tafin hannuna,
Ya tsage ya warke, ya bar alama.

Faɗa mini, manomin can yaro ne,
Ko tsoho ne irina, mai furfura da rama?

Mai Awo na Dawanau

Baba, na durƙusa, maganarka dutse ce,
Wanda ya taka ta ya san ba ta motsawa.

Mu ma 'yan awo ana ce mana azzalumai,
Alhali yadda muka saro muke sayarwa.

Yulin 2023 Indiya ta rufe ƙofar farar shinkafa,
Daga Delhi aka yanke, a nan muka ji raɗaɗin yankewa.

Ban taɓa ganin teku da idona ba,
Amma abin da ya faru bayanta, tiyata na sanarwa.

Ɗalibi a Niigata

Baba, tambayarka ce ta fi kowace taɓa ni. Alƙaluman gwamnatinsu sun nuna matsakaicin shekarun manomi a nan ya kusa 70. A 2024 jarirai 686,061 aka haifa wa 'yan ƙasa, karo na farko da adadin ya gaza 700,000, waɗanda suka rasu kuwa kusan miliyan 1.6. Gidajen da ba kowa a ciki sun kai miliyan 9 a ƙidayar 2023.

Baba, irinka ne, har ma ya girme ka,
Shekara 78 gare shi, maƙwabcina.

Bayansa ya lanƙwashe kamar lauje,
Shi da tsohuwarsa ke dashe, suna tallafar juna.

Ɗansu na Tokyo, 'yarsu na Osaka,
Sai hutun Agusta suke leƙowa su kwana.

Firamaren ƙauyen an sa mata kwaɗo,
Ya ce a nan ya koyi rubuta suna.

Ciyawa ta cinye filin wasan yara,
Ya daɗe a bakin ƙofar, hannunsa a kafaɗana.

Gida na dama a rufe, na hagu a rufe,
Dusar ƙanƙara ta karya rufin wanda ke bayana.

Yana da injin dashe, yana da injin girbi,
Wanda zai hau su bayansa ne babu, in ji dattijona.

Ya ce in ya faɗi, gonar ta zama daji,
Na ji maganar kamar daga bakin kakana.

Ɗan Riɗi na Maigatari

To ga inda nake so a zo. A taron TICAD, wato taron Japan kan ci gaban Afirka, karo na 9 da aka yi a Yokohama cikin Agustan 2025, hukumar JICA, mai kula da tallafin Japan ga ƙasashen waje, ta haɗa garuruwan Japan huɗu da ƙasashen Afirka huɗu. Najeriya ta samu Kisarazu, garin da ya sauki 'yan wasanmu lokacin gasar Olamfik ta Tokyo. Sanarwa ta fito daga Abuja cewa za a ba da biza ta musamman. Japan ta ce sam ba a yi haka da ita ba. Mutanen can suka yi ca, wayar ofishin garin ba ta huta ba, kafin ƙarshen Satumba aka soke shirin baki ɗaya.

Ƙanena ɗalibi, waƙarka ta taɓa ni,
Amma ta bar ni cikin mamaki.

Gona ba magaji, gida ba mai kwana,
Ga matasanmu nan a zaune ba aiki.

Riɗin da nake aunawa a Maigatari,
Har Japan ake kai shi, su matse mai, su yi girki.

A rairaye shi, a sheƙe, a cire tsakuwa,
Sai fari tas suke karɓa, mai kirki.

Ranar da aka ce Kisarazu garinmu ne,
Yaran rumfata suka yi ta tsalle kamar biki.

Ɗaya ya sayar da babur zai yi fasfo,
Uwarsa ta fara haɗa masa kaya a ɗaki.

Kwana kaɗan aka ce ba biza, ba komai,
Mota na tsaka da gudu aka taka birki.

Sun karɓi riɗinmu da hannu biyu,
Ɗanmu tun bai iso ba aka ja masa tsaki.

Yaron nan yanzu a ƙasa yake zuwa kasuwa,
In na gan shi, abin ya motsa mini kamar miki.

Malama ta Zangon Kumasi

Yaya, Allah ya mayar wa yaron da alheri. Mu ma abin ya shafe mu, don Gana aka haɗa da garin Sanjo, Tanzaniya da Nagai, Mozambik da Imabari.

Yaya, ciwonka na ji shi har raina,
Amma ba zan bar magana a rufe ba.

Zumunci aka ƙulla na ziyara da koyo,
Ba a ce an ba mu gari kyauta ba.

Wanda ya sa biza a cikin sanarwa,
Bai auna nauyin alƙalaminsa ba.

Su kuma masu hura wuta a intanet can,
Yawancinsu ba su taɓa gaisawa da baƙin mutum ba.

Kuskure daga nan, tsoro daga can,
Ba wanda ya tsaya ya tambayi ɗan uwansa ba.

Ina koyar da yara 60 a aji guda,
Ba na so su girma ba su san darajar gida ba.

Amma in sun tashi neman halal a nesa,
Ba na so a rufe ƙofa ba a ga fuskarsu ba.

Ɗalibi a Niigata

Yaya, Malama, duk kun faɗi gaskiya. Sanjo a lardinmu take, kuma na ji zafin makonnin nan a jikina. Tun zaɓen majalisa na Yulin 2025, da wata jam'iyya mai taken 'yan Japan ne farko ta ci kujeru 14, kallon da ake yi wa baƙo ya ɗan sauya.

Na hau jirgin ƙasa, ya cika maƙil,
Kujera ɗaya ba kowa, wadda ke gefena.

Na sauka da nauyi, na nufi masauki,
Sai ga jaka a rataye a ƙofar ɗakina.

Sabuwar shinkafar Koshihikari ce, girbin makon nan,
Dattijon ya rubuta sunana da hannunsa, da kyar, don ni na gane sunana.

Ya san ba na cin naman alade, ba na shan giya,
Ranar girbi matarsa kifi ta gasa domina.

Duka biyun Japan ce, Yaya, ban ɓoye ɗaya ba,
Kujerar da jakar suna nan a raina.

Inna ta Damagaram

Ɗana, ka dafa ta da kyau, kada ta caɓe,
Ka ɗiba a kwano ka kai wa tsohuwar da miya.

Ka ce wata Inna a Damagaram ta gode,
Da ta riƙe mana ɗa a wata duniya.

Baba Manomi na Argungu

Ka gaishe mini da dattijon nan da kyau,
Ka ce wani tsoho a bakin Gulbin Kebbi ya yi masa sallama.

Ka tambaye shi kwana nawa irinsa ke yi a gona,
Da me yake korar tsuntsu in ya sauko daga sama.

Ka riƙe masa buhu in zai ɗaga,
Bayan da ya lanƙwashe ba ya son gardama.

Jikana ya ce cajin waya ya kusa ƙarewa,
Gwangwanayen kora na hannuna, mun tafi fadama.