Gwamna Lugga: shi ya ƙago mulki ta hannun sarakuna, ko sunan kawai ya ci?

Ɗalibin Tarihi, Zariya

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Tun muna firamare ake koya mana cewa Gwamna Lugga ne ya kafa tsarin mulkar talakawa ta hannun sarakunansu, kuma shi ya haɗe Arewa da Kudu a ranar 1 ga Janairun 1914. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da na bi shekarun aikinsa, sai na ga ya bar ƙasar nan a 1906, shekara uku kacal bayan an ci Sakkwato, bai dawo ba sai 1912. To, yaya aka yi mutumin da bai zauna ba ya zama shi ake jingina wa tsarin da ya ɗore har aka sami 'yancin kai? Kuma me ya tayar da shi a daidai lokacin da aiki ya fara kankama?

Tsohon Malamin Makaranta, Kaduna

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a tambayi abin da ya gina, ya kamata a san wane iri ne mutumin. An haifi Lugga, wato Frederick Lugard, a Madaras ta ƙasar Indiya a 1858, ɗan wani limamin coci na rundunar soja, shi ma kuma soja ya tashi. Ya yi yaƙi a Afganistan da Sudan da Bama, daga baya ya koma yi wa kamfanonin ciniki na Ingila aikin kama ƙasa. Ya yi haka a Yuganda daga 1890 zuwa 1892, sannan a 1894 kamfanin Royal Niger ya tura shi Borgu don ya riga Faransawa ƙulla yarjejeniya da Sarkin Nikki. A 1897 aka ba shi aikin kafa rundunar sojan da daga baya ya ci ƙasarmu da ita.

Ranar 1 ga Janairun 1900 ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, yana kiran kansa shugaban ƙasar da mafi yawanta bai taɓa takawa ba. Bida da Kwantagora da Yola suka faɗi a 1901, Kano a farkon Fabrairun 1903, Sakkwato kuma a ranar 15 ga Maris na wannan shekara. Ma'aikatansa Turawa ba su da yawa, kuɗin da yake gudanar da mulki kuwa tallafi ne daga baitulmalin Ingila, wanda ake ba shi ana ƙorafi. Mai irin wannan ƙarancin hannu da aljihu, da ya tarar da sarakuna da hakimai da alƙalai da tsarin haraji wanda ya girmi zuwansa, babu abin da ya fi masa sauƙi irin ya hau kansu. A ganina larura ce ta fara sa shi, daga baya ya mayar da larurar aƙida, ya rubuta ta a littafinsa na 1922.

Malamar Jami'a, Katsina

Na yarda da Baba Malam, sai dai ina so in ƙara abin da ya fi kusa da tambayar. Ginshiƙin mulkin En'e (hukumar gargajiya ta sarki) shi ne baitulmali, wato a tara harajin ƙasa a raba, wani kaso ya tafi gwamnati, wani ya zauna a hannun hukumar sarki, a riƙa biyan sarki da hakimai da alƙalai da dogarai albashi daga ciki. Wannan tsari ba a zamanin Lugga na farko aka kafa shi ba. Ya tsiro ne bayan tafiyarsa, a zamanin gwamnonin da suka gaje shi, Girouard da Hesketh Bell, a hannun razdanoni irin su Palmer da Temple, kuma Katsina da Kano na cikin wuraren da aka fara shi. Makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano ma a 1909 aka buɗe ta, titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, duk Lugga yana Hong Kong yana gwamna.

Da ya dawo, ƙoƙari ya yi ya jawo kasafin waɗannan baitulmalai ƙarƙashin ikonsa, suka yi ta sa-in-sa da Temple a kan haka, domin shi mutum ne da ba ya son sakin linzami ko kaɗan. Da ya kai tsarin Kudu kuwa, ya ɗora haraji kai tsaye a ƙasar Yarbawa, abin ya jawo tawayen Egba a 1918, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Basakkwace Mazaunin Gusau

'Yar'uwa Malama, kin yi bayani mai gamsarwa, amma ba zan so a wuce 1906 ba a ambaci Satiru ba, domin mu a wajenmu nan ne aka ga ainihin ma'anar wannan tsari. A Fabrairun shekarar, mutanen wannan ƙauye da ke kudu da Sakkwato, talakawa da bayin da suka tsere, ƙarƙashin Malam Isa da wani malami makaho da ya ƙetaro daga yankin Faransa, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, da gatura da fartanya. A Maris aka turo runduna da bindigogi masu sarrafa kansu, aka kashe mutum wajen 2,000, aka baje garin, ba a sake zama a cikinsa ba. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu, wanda Lugga ya naɗa bayan Attahiru na Ɗaya ya yi hijira har aka kashe shi a Burmi a Yulin 1903, ya tsaya a ɓangaren Turawa. Daga ranar Turawa suka sakankance cewa kujerarsu da ta sarakuna a ɗaure suke da igiya ɗaya, suka rage yawan tuɓe sarakuna, suka shiga ƙarfafa su. Raina yana ɓaci in na ji ana yabon hikimar tsarin ba a tuna da jinin da aka zubar kafin ya zauna ba.

Tsohon Malamin Makaranta, Kaduna

Gaskiyarka, Malam, ga kuma Haɗeja a Afrilun wannan shekara, inda aka kashe Sarki Muhammadu a cikin garinsa. Game da tafiyar Lugga a 1906 kuwa, ɗana, matarsa Flora Shaw, 'yar jaridar da ta ba da shawarar sunan Nijeriya a 1897, ba ta jure zaman Zungeru, hedikwatar Arewa a lokacin, ba saboda rashin lafiya. Sai ya nemi a bar shi ya riƙa yin rabin shekara a Landan yana mulki daga can, Ofishin Mulkin Mallaka ya ƙi, shi kuma ya ajiye aiki. Ya yi gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912, inda ya tsaya aka kafa jami'ar garin. Ya ajiye aikin Nijeriya baki ɗaya a 1919, ya shafe shekara fiye da goma a kwamitin Majalisar Ƙasashe (wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya) mai sa ido kan yankunan amana, ya mutu a Ingila a Afrilun 1945. A waɗannan shekaru na zaman gida ne ya yi ta rubutu da lacca, har sunansa ya rufe na su Palmer da Temple.